Karen da ba a san mai shi ba sai ranar da ya mutu

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da aka sanar da cire tallafin man fetur, keke ya dawo kan titunanmu da martabar da ya daɗe da rasawa. Kekunan da suka shekara a jingine a zaure ko a bayan ɗaki aka fito da su, aka kaɗe ƙura, aka kai wa mai gyara ya sauya taya da birki. Ma'aikaci da ɗalibi da ɗan tireda, har da wasunmu malaman jami'a, muka koma murza feda. An yi rubutu da dama a kan amfanin hakan ga aljihu da lafiyar jiki, da kuma haɗarin da mai keke ke ciki a tsakanin manyan motoci da 'yan adaidaita sahu. Akwai wani haɗarin kuma da ban ga an tanka masa ba, wataƙila don yana kama da abin dariya ga wanda bai taɓa gamuwa da shi ba, wato karen da aka saki a kan hanya.

Tambayoyin biyu ne, kuma a haɗe suke. Idan kare ya fito daga wani gida ya kori mai keke har ya kayar da shi ko ya cije shi, wa za a tuhuma? Sa'annan shi mai keken da ke fuskantar haƙora a wannan daƙiƙa, ina iyakar abin da ya halatta ya yi don ya kuɓutar da kansa? Ra'ayina, wanda zan yi ƙoƙarin kafa wa hujja, shi ne mai keke yana da haƙƙin kariyar kansa, amma haƙƙi ne ƙuntatacce mai gajeren wa'adi, wanda ba ya zuwa sai ɓarna ta riga ta kunno kai. Babban alhakin yana wuyan wanda ya buɗe ƙyaure. Mallakar kare ba riga ba ce da mutum zai sa ranar da ya ga dama, ya tuɓe ranar da ta yi masa nauyi.

Ina hawa keke daga gida zuwa jami'ar da nake koyarwa kwana uku ko huɗu a mako, tafiyar kamar rabin awa, kuma nakan fita da sanyin safiya idan ina da lacca ƙarfe takwas. A wannan hanya na san karnuka iri uku. Akwai na juji da bakin mayanka, ramammu masu tsoron mutum. Da ka sunkuya kamar za ka ɗauki dutse sun watse. Akwai na 'yan farauta, waɗanda galibi suna tare da iyayen gidansu kuma suna jin kira. Sa'annan akwai na gadi, ƙosassu, waɗanda ake ɗaurewa yini guda a bayan gida a sake su da dare. Waɗannan na ukun su ne abin tsoro, domin ba su shakkar mutum, kuma sun ɗauki titin da ke gaban gidan a matsayin wani yanki na gidan. Maigadi ya buɗe ƙyaure da asuba zai tafi masallaci ko zai share ƙofar gida, su kuwa su sulale su fito.

Su wa ke kan hanya a wannan lokaci? Mai tallan burodi, da mai kai madara, da lebura mai sammakon zuwa wurin gini, da ɗan makaranta da ya goyo ƙanensa a kariya, da dattijon da ke zuwa lambunsa. Mai gidan da karen ya fito daga ciki ba ya cikinsu. Shi sai hantsi ya ɗaga zai fito a mota, gilashi a rufe, bayan an mayar da karen kan sarƙa. Wannan ne ya sa idan ka kai masa ƙara zai ce maka, da iyakar gaskiyarsa, "Ai ba ya cizo." Ya san karensa daga cikin gida, inda yake kaɗa masa wutsiya. Mu kuwa daga waje muka san shi, inda yake auna mana sharaɓa. Dukanmu ba ƙarya muke yi ba, sai dai ɗaya daga cikinmu ne kaɗai ke da fatar da za ta yage.

Ba mugunta ke sa kare bin keke ba. Halittarsa ce ya bi abin da ke gudu, kuma juyawar taya da hawa da saukar ƙafafu a kan feda suna tayar masa da wannan ɗabi'a. Ƙari a kan haka, kullum ya yi kora yana ganin ya yi nasara: ya yi haushi, ya bi, baƙon ya ɓace. Bai san dama wucewa mutumin zai yi ba. Kowace safiya ana ƙara koya masa cewa kora tana aiki. Mai keke kuwa ba shi da ƙarfen da ya kewaye mai mota, ba shi da saurin mai babur. Lafiyayyen kare ya fi mai keken talaka gudu a gajeren zango, kuma sau da yawa faɗuwa ta fi cizon muni, domin idan kare ya gitta gaban tayar gaba, mutum ta ka yake sauka a kan kwalta.

Wata safiya cikin hunturun da ya wuce na iske wani saurayi mai tallan burodi a zaune a gefen lambatu, yana riƙe da wuyan hannunsa, jini na bin ƙafarsa. Akwatin burodin ya ɓalle daga kariya, rabin kayan suna cikin ruwan kwata. Karnuka biyu ne suka fito masa daga wani gida mai dogon bango. Ɗaya ya shiga gabansa ya kayar da shi, ɗayan ya cije shi yana ƙasa. Ni da wani mai shayi da ya ga abin daga teburinsa muka buga ƙyauren gidan. Maigadi ya leƙo ya ce, "Wallahi Malam, ba namu ba ne, karnukan unguwa ne, nan dai suke kwana." Mai gidan bai fito ba. Muka wanke wa saurayin ciwon da ruwa da sabulu, muka sa shi a adaidaita sahu zuwa asibiti. Hannun ya karye. Kuɗin allurar rigakafi da na ɗori, da na burodin da gidan burodi ba zai yafe ba, duk suka hau kansa da kan waɗanda suka tausaya masa.

Bayan kamar mako uku aka wayi gari ɗaya daga cikin karnukan ya mutu a bakin titi. Wani ne ya jefa nama da guba cikin dare, kuma ba karen kaɗai ya ci ba. Kyanwar wasu maƙwabta ma ta mutu. A ranar karen ya sami mai shi. Mai gidan ya kai ƙara wurin mai unguwa, ya faɗi irin karen, da kuɗin da ya saye shi, da abin da yake kashewa a kan abincinsa duk wata. Don ya tabbatar da darajarsa har ya fito da katin asibitin dabbobi mai nuna an yi masa rigakafi. An kira ni a matsayin wanda ya ga abin da ya faru da farko. Mai unguwa ya saurara har ƙarshe, ya juya katin a hannunsa, sa'annan ya ce, "Alhaji, ina so in fahimta. Karen da ya mutu da wanda ya ciji yaron nan, ɗaya ne ko biyu?" Zauren ya yi tsit. Daga ƙarshe mai gidan ya biya kuɗin magani da na burodi. Mai unguwa kuma ya ja kunnen jama'a da kakkausar murya a kan zuba guba, ya ce duk wanda aka kama, wurin 'yan sanda za a miƙa shi.

Tambayar mai unguwa ita ce zuciyar al'amarin, kuma duk tsarin shari'ar da muke rayuwa a ƙarƙashinsa ya amsa ta. A fiƙihun Malikiyya, wanda shi ne aka fi karantawa a zaurukanmu, dabba ba ta da laifi amma mai ita yana da alhaki. Muwaɗɗa ta Imamu Malik ta kawo labarin taguwar Bara'u ɗan Azibu da ta shiga lambun wani ta yi ɓarna, inda Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa masu lambu su tsare lambunsu da rana, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu su ne za su biya. Risala ta Ibn Abi Zaid ta ɗora wa mai kora da mai ja da mahayi alhakin abin da dabbarsu ta taka. Mukhtasar na Shehu Halilu ya ambaci kare da sunansa: ya jera ajiye kare mai cizo bayan an gargaɗi mai shi tare da haƙa rami da ɗaure dabba a kan hanya, cikin abubuwan da ke jawo wa mutum ɗaukar alhakin abin da ya biyo baya.

Dokar da muka gada daga Ingila ta biyo wata hanya, ta iso wuri guda. Ƙa'idarta ita ce mai dabbar gida yana biyan ɓarnar da ta yi idan ya san tana da wannan mugun hali. A shari'ar Daryani da Njoku, wadda Babbar Kotun Legas ta yanke a 1965, kare ya ciji mutum, aka kuma tabbatar ya taɓa cizon wata 'yar aiki kuma an faɗa wa matar mai karen. Kotu ta ce sanin matar ya wadatar, mai karen ya biya. Kundin Penal Code da jihohin Arewa suka gada tun 1960 shi ma ya mayar da sakaci da dabba mai haɗari ga mutane laifi. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, kuma wanda ya ajiye kare don ya tsorata ɓarawo ba zai ce bai san yana da haƙora ba.

Akwai darasi na aiki a cikin wannan haɗuwa ta fiƙihu da dokar Bature. Dukansu sun ba gargaɗi da sani muhimmanci. Mu kuwa al'adarmu ita ce mu yi shiru. Kare ya kore ka yau, ka tsira, ka yi tsaki, ka sauya hanya. Gobe ya kori wani, shi ma ya sauya hanya. Ranar da ya kayar da yaro, mai shi ya ce wannan ne karo na farko, kuma babu mai ƙaryata shi, domin babu wanda ya taɓa faɗa masa a gaban shaida. Kawaici abu ne mai kyau, amma a nan wanda ke biyan kuɗinsa shi ne mai keken da zai biyo bayanka. Wanda kare ya kora, ko da bai taɓa shi ba, ya kamata ya koma da rana tare da mutum ɗaya ko biyu, ya yi sallama, ya faɗa wa mai gidan cikin ladabi, ya kuma sanar da mai unguwa. Daga wannan rana babu sauran "ban sani ba".

Mu dawo kan mai keken da kare ya tasam ma. Babu wata shari'a da ta ce ya tsaya a ci namansa. Imamu Malik ya yi magana a kan raƙumin da ya afka wa mutum har ya ji tsoron ransa ya kashe shi ko ya ji masa rauni: idan yana da shaidar cewa raƙumin ne ya afka masa, ba zai biya ba, idan kuwa maganarsa ce kawai, zai biya. Kare mai cizo yana cikin dabbobin da hadisi ya halatta kashewa ko ga mai harami. Penal Code ma ya amince da haƙƙin kariyar kai, amma ya gindaya sharaɗin kada cutarwar ta wuce abin da ake buƙata don tunkuɗe haɗarin. Ashe haƙƙin yana da ƙofar shiga da ƙofar fita. Yana farawa lokacin da haɗari ya tabbata, yana ƙarewa lokacin da haɗarin ya gushe.

A aikace, abin da shekarun nan suka koya mini shi ne mafi yawan gamuwa da kare ba ta kai ga duka. Idan na hango shi nakan rage gudu maimakon in ƙara, domin gudun ne ke kiransa. Idan ya matso sai in sauka, in sa keken tsakanina da shi, in daka masa tsawa da murya ɗaya mai ƙarfi, ba tare da na ƙura masa ido ko na juya masa baya ba, in riƙa ja da baya sannu a hankali har in fita daga yankin da yake ganin nasa ne. Watsa masa ruwan gora a fuska yakan sa ya ja baya. Kai masa shuri daga kan keke kuwa hanya ce ta faɗuwa, kuma miƙa masa ƙafa ce. Idan duk wannan bai yi ba, ya kawo cizo, ko ya kama yaro, to famfon keke ko sanda ko dutse duk sun halatta, kuma babu mai hankalin da zai zargi mutum a kan abin da ya yi a wannan hali, ko da karen ya mutu.

Abin da bai halatta ba shi ne wanda ke zuwa bayan an huce. Wanda ya koma gida ya kwana, ya sayi shinkafar ɓera, ya cusa a nama, ya dawo cikin dare ya jefa, ba kansa yake karewa ba; fansa yake ɗauka, kuma a kan wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Guba ba ta tantance baki. Takan kashe kyanwa da kaza da angulu, kuma ƙaramin yaro da ke wasa a ƙasa bai fi ƙarfinta ba. Mutuwa ce ta azaba, alhali addinin da ya ba mu labarin wanda aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa, da wadda aka azabtar don ta tsare kyanwa har ta mutu, bai bar mana hanyar azabtar da dabba ba. Haka nan wanda ya jefi kare a ɗaure, ko ya tsokane shi ta ƙasan ƙyaure, ya zubar da hujjarsa. Mafi muni kuma shi ne fushin ya tsallake kare ya faɗa kan mai shi ko maigadinsa, a tashi daga maganar cizo a koma maganar rotse.

Wannan gardama ba sabuwa ba ce. A ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da keke ya yaɗu a Turai, an ƙera wata 'yar ƙaramar bindigar aljihu a Faransa mai suna Velo-Dog, musamman don masu keke su kare kansu daga karnuka. Ƙasashen ba su warware matsalar da ita ba. Sun rage ta ne da dokokin da suka koma kan mai kare: rajista, da igiya a bainar jama'a, da tara, da ɗauri. A Ingila dokar karnuka masu haɗari ta 1991 ta mayar da barin kare ya fita daga iko har ya zama haɗari laifi a kan mai shi ko mai kula da shi, kuma a 2014 aka faɗaɗa ta har ta shafi abin da ya faru a cikin gida. Ban kawo wannan don mu kwafi Turawa ba. Na kawo shi ne don in nuna cewa al'ummar da ta bar wa mai keke ya nemi makami ta riga ta gaza, kuma a ƙasar da makamai suka riga suka yi mana yawa, wannan ba hanyar da za mu so bi ba ce.

Akwai dalilin da ya sa maganar ta fi nauyi a nan fiye da can, shi ne ciwon haukan kare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda ake zargin mahaukaciyar dabba ta ciza yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Kare ne tushen kusan duk kamuwar da mutane ke yi. Cutar takan ɓoye wata biyu zuwa uku kafin ta bayyana, wani lokaci mako guda, wani lokaci har shekara. Da zarar alamunta sun fito, irin su tsoron ruwa da ruɗewa, kusan babu mai tashi. Amma kafin nan ana iya tare ta gaba ɗaya: a wanke ciwon nan take da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a tafi asibiti a ranar, a karɓi allurar rigakafi a kuma kammala ta. Tun 1885 Louis Pasteur ya fara gwada wannan rigakafi a kan mutum, kuma ranar rasuwarsa, 28 ga Satumba, ita aka ware a matsayin ranar yaƙi da cutar a duniya.

A nan ne musun mai kare yake tashi daga rowa ya zama wasa da rai. Likita yana buƙatar sanin wane kare ne ya yi cizon, an yi masa rigakafi ko ba a yi ba, kuma yaya lafiyarsa. Ƙa'ida ita ce a tsare karen a sa masa ido kwana 10. Idan ya wuce su lafiya lau, to ba ya ɗauke da cutar a yawunsa ranar da ya yi cizon. Idan ya mutu ko an kashe shi, ana iya gwada ƙwaƙwalwarsa, kuma Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a Jihar Filato, wadda aka kafa tun 1924, tana wannan gwaji, tana kuma yin allurar rigakafin karnuka. Duk wannan yana buƙatar wani ya ce "nawa ne". Katin da aka fito da shi a zauren mai unguwa don neman diyyar kare, da an fito da shi safiyar da aka yi cizon, da ya taimaka wa likita, da kuma saurayin nan bai yi makonni yana kwana da fargaba ba. Wannan ma wani dalili ne da zai hana wanda aka ciza gaggawar hallaka karen a ɓoye, domin karen da ke raye a tsare shaida ne a gare shi.

Ba na cikin masu ganin ajiye kare a matsayin laifi. Na tashi a gidan noma, kuma na san abin da kare yake yi wa makiyayi da manomi da maharbi. Na kuma san halin tsaron da ya sa mutanen da iyayensu ba su taɓa barin kare ya shiga gida ba suke kiwonsa a yau. Malaman da suka yi wa Risala sharhi sun ruwaito cewa shi kansa Ibn Abi Zaid, wanda ya rubuta cewa ba a ajiye kare a gidajen gari, ya ajiye shi lokacin da bangon gidansa ya faɗi yana tsoron maɓarnata. Da aka tuna masa ra'ayin Imamu Malik, sai ya nuna cewa da Malik ya riski zamaninsu, zaki ma zai ajiye. Larura tana da hukuncinta. Sai dai larurar da ta halatta maka kare a cikin gidanka ba ta ba ka titi ba. Tsaron da ka saya da firgitar mai tallan burodi, ba da kuɗinka ka saye shi ba.

Abin da ake nema daga mai kare bai taka kara ya karya ba. Bango ko shinge da babu kafar fita. A mayar da kare kan sarƙa ko cikin keji kafin a buɗe ƙyaure da asuba, a kuma tabbatar maigadi ya san wannan aikinsa ne. Igiya idan za a fita da shi, da takunkumi idan an san halinsa. Rigakafi a kan lokaci, da adana katin. Abinci da ruwa da inuwa, domin karen da aka bari da yunwa a rana yini guda shi ne ke fita da dare kamar an kunce masifa. Idan kuma tsautsayi ya gitta, mutum ya fito da kansa, ya ce nawa ne, ya ɗauki wanda aka ji wa ciwo zuwa asibiti, ya biya. Wanda ba zai iya waɗannan ba, bai shirya ajiye kare ba.

Saura karnukan da da gaske ba su da mai su. Waɗannan nauyin hukuma ne, musamman ƙananan hukumomi da ma'aikatun kula da lafiyar dabbobi na jihohi. Tun zamanin Turawa akwai dokar karnuka da ta tanadi lasisi da matakan daƙile ciwon hauka, kuma dattawanmu suna tuna lokacin da dubagari ke zagaya unguwa ana shakkarsa. Yau wa ya san ofishin da ake yi wa kare rajista a ƙaramar hukumarsa? Masana sun nuna cewa idan aka yi wa kashi 70 cikin 100 na karnukan wani yanki rigakafi, cutar takan daina yaɗuwa a cikinsu, kuma kisan kan mai uwa da wabi ba ya magance ta, domin muddin juji da sharar mayanka suna nan, wasu karnukan za su maye gurbin waɗanda aka kashe. Duniya ta sa wa kanta wa'adin 2030 don kawo ƙarshen mutuwar mutane daga wannan cuta ta hanyar cizon kare. Ba za mu isa can ba sai da kwashe shara, da rigakafin karnuka kyauta ko da rahusa unguwa-unguwa, da ajiye allurar mutane a asibitocin da talaka ke iya kaiwa. Jami'o'inmu masu tsangayar likitancin dabbobi, irin su na Zariya da Sakkwato da Maiduguri, suna da ɗalibai da malaman da za su iya wannan aiki idan aka nemi haɗin kansu.

Hanya ta kowa ce, kuma mafi raunin masu bin ta shi ne ma'aunin adalcinta. Mai keke ya san haƙƙinsa ya kuma san iyakarsa: ya tunkuɗe haɗari lokacin da yake gabansa, ya kai ƙara da rana tsaka a gaban shaidu, ya bar guba da ramuwa. Mai unguwa ya karɓi irin wannan ƙara da muhimmanci tun kafin jini ya zuba. Mai kare kuwa ya riƙa tambayar kansa kowane dare, sa'ad da yake kunce sarƙa, ko a shirye yake ya amsa sunan wannan dabba gobe da safe, kome ta aikata. Idan amsar a'a ce, ya bar ta a ɗaure. Allah Ya kiyaye mu da iyalanmu a kan hanyoyinmu, Ya kuma ba mu ikon sauke haƙƙin maƙwabta da na dabbobin da ke hannunmu.